Makon Da Kawu Sale Bai Je Kasuwa Ba

Na sauka Delhi da 'yar takarda a aljihun gaba, a jikinta lambar mutumin da aka ce zai tarbe ni. Garzali sunansa. Shi ya samo mani gurbin digiri na biyu a fannin tattalin arziki, shi ya karɓi kuɗin ɗakin kwana na shekara guda tun ina gida, kuma shi ya ce ina fitowa zan gan shi riƙe da kwali mai sunana. Na bi kwalayen da ke hannun mutane ɗaya bayan ɗaya, babu Mannir a ciki. Na roƙi wani mai shara ya ara mani wayarsa, na kira, wata muryar mace ta yi ta maimaita magana da yaren da ban taɓa ji ba. Mai sharar ya karɓi wayarsa, ya ce da guntun Turancinsa, a kashe take.

Awa huɗu na yi zaune a kan jakata. Ina jin ƙamshin daddawar da Inna ta ƙulle mani yana fitowa ta zip, ina kuma tuna shanun huɗa guda biyu da Yaya Haruna ya kai kasuwa don in hau jirgin nan. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. Bai yi boko ba, amma da na gama digirin farko na zauna shekara biyu babu aiki, shi ya ce, "Ka ƙara gaba. Gona ina nan, ba ta gudu."

Da na tabbata Garzali ba zai zo ba, na nemi motar haya ta kai ni tashar jirgin ƙasa, don jami'ar ba a Delhi take ba. Direban ya kai ni wani shago mai hotunan jirage a bango, aka ce mani jirgin ranar ya lalace, sai dai su sayar mani da wani tikitin na musamman. Na biya. A tasha mai duba tikiti ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mani, ashe jabu ce. Wani dattijo mai babban rawani da ke bayana ne ya karɓa ya duba, ya ja tsaki, ya kama hannun rigata har gaban tagar sayar da tikiti na gaskiya. Ya tsaya sai da aka ba ni, ya nuna mani taragon da zan shiga, ya sayo shayi a ɗan kofin ƙasa ya ba ni. Ban san sunansa ba. Da na yi ta godiya, sai ya ɗora hannu a ƙirji ya wuce abinsa.

Da gari ya waye jirgin ya shiga jihar Rajastan. Na leƙa taga, sai na ga gero. Gero sosai, ya fitar da kai, gona bayan gona, ga mata sun duƙa a ciki, ga wani yana kora awaki a gefen kunya. Wallahi ni a zatona mu kaɗai muke noma shi. Tun daga filin jirgi ban yi kuka ba, sai a nan.

A jami'ar na tarar gurbin karatuna na gaskiya ne, sunana na cikin jerin. Ɗakin kwana kuwa babu wanda ya biya ko sisi. Ma'aikacin ya juyo mani da kwamfutarsa in gani da idona. Na fito na tsaya a bakin ofishin ina maimaita innalillahi a fili, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, ɗan ina ne?"

Wani dogon saurayi ne, baƙi kamar ni, rungume da littattafai.

Na ce, "Batsari. Can wajen Wagini."

Ya saki dariya har littafi ɗaya ya faɗi. "Ka ga ikon Allah. Ni Safana. Ishaya sunana. Halan Garzali ne?"

Na ce shi ne.

"Ni ma shi ya yi mani bara. Ɗauko jakarka."

Ishaya yana shekara ta biyu a sashenmu. Gadon da yake haya a lokacin na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum huɗu, don haka kwana uku muka yi muna yawon neman ɗakin da za mu haɗa. Akwai gidajen da ke da allon haya a ƙofa, amma da mai gidan ya buɗe ya gan mu sai ya ce an kama. Wani ma bai ɓata bakinsa ba, ya mayar da ƙofa. A rana ta uku wata tsohuwa da kowa ke kira Dadi, wato kaka, ta kalle mu daga sama har ƙasa, ta ce akwai ɗaki a saman soro. Sharaɗinta biyu ne: ba a dafa nama a gidanta, ba a kawo baƙi. Muka amince. Ishaya ya rataye gicciyensa a ƙusa ɗaya, na rataye carbina a ɗayar. In zan yi sallar asuba yakan janye ƙafafunsa ya ba ni wuri ba tare da ya farka sosai ba.

Karatun ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. A gida mun haddace ma'anar hauhawar farashi da dokar buƙata da wadatar kaya, mu zuba a takarda mu ci jarrabawa. A nan malami zai shigo ya cika allo da lissafi, ya ce a buɗe kwamfuta a gwada. Ni kuwa abin da na iya da kwamfuta bai wuce buga wasiƙa ba. Ga Turancinsu mai gudu, ni ma nawa ba sa ji. Ranar da na fara magana a aji na ga 'yan mata biyu sun rufe baki. Gwajin farko na ƙididdiga na zo na biyun ƙarshe. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin katifa, Ishaya ya zaro ta, ya ce, "Ɓoye ta ba ya ƙara maki. Zauna." Wata biyu yana koya mani kullum bayan la'asar a saman soro, tattabarun Dadi na yawo a tsakanin ƙafafunmu.

Sai kuma maganar dala. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, mu kuma naira ake aiko mana. Kowace safiya kafin mu wanke baki sai mun duba yadda ta kwana. Ishaya yakan ce, "Mu ne ɗaliban ƙwarai. A koya mana faɗuwar darajar kuɗi da safe, mu dawo mu ci ta da rana." Abincinmu ya koma shinkafa da wake 'yan ƙanana irin nasu, sai ranar Lahadi in ya dawo coci mu tuƙa tuwo da miyar kuka babu nama. Da kukar da Inna ta haɗo ni da ita ta ƙare muka kwana biyu ba mai son yin magana.

A shekara ta biyu, lokacin Ishaya ya gama ya zarce digiri na uku, aka haɗa ni da Farfesa Joshi don kundin bincike. Mace ce 'yar siririya mai furfura, ba ta dariya da yawa. Na kai mata shafi biyar a kan man fetur da canjin kuɗi. Ta karanta shafin farko ta ajiye.

"Duk wanda ya zo daga ƙasarku fetur yake rubutawa. Ka taɓa ganin rijiyar mai?"

Na ce a'a.

"Me kuke ci a gidanku?"

"Gero."

"Wa ya san farashinsa?"

Na ce, "Kawuna."

Kawu Sale ƙanen Inna ne, mai awon hatsi ne a kasuwar Batsari tun kafin a haife ni. In ya damƙi hatsi a tafin hannu zai gaya maka daga wane yanki ya fito. Da na yi masa bayani a waya ya daɗe yana dariya. "Wato shanun Haruna suka kai ka Indiya don ka tambaye ni kuɗin tiya? Da ka zauna nan na faɗa maka kyauta." Amma ya karɓi aikin da gaske. Na ce duk ranar kasuwa ya faɗa mani kuɗin tiyar gero da dawa da wake, in kuma farashin ya motsa ya faɗi dalili, komai ƙanƙantarsa. Yakan rubuta da ajami a bayan kwalin sukari, da yamma ya je shagon mai cajin waya a ɗauki muryarsa a turo mani.

Waɗannan saƙonni su suka riƙe ni. Sai ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya gaida Ishaya, ya gaida "tsohuwar gidanku", sannan ya shiga aiki. "Gero ya hau da murtala biyu, naira arba'in ke nan, don motocin Jibiya sun zo da yawa. Wake ya sauka, mata sun fiddo na ɗaka za a yi bukukuwa." A bayan muryarsa ina jin kukan jaki da ƙarar babura da mai tallan fura. Nakan saurara sau uku: na farko don lambobin, sauran biyun don hayaniyar. Wani lokaci dalilin ya zama, "Mutanen yamma ba su shigo ba, hanya ba ta da kyau." Na san abin da hakan ke nufi. Duk wanda ya fito yankinmu ya sani. Nakan rubuta "rashin tsaro" a jadawali in wuce.

Ana cikin damina aka katse layukan waya a yankinmu baki ɗaya, saboda 'yan bindiga. Batsari, Safana, duk. A labarai muka gani. Na kira Kawu, na kira Yaya Haruna, na kira mai cajin waya, babu wadda ta shiga. Ishaya ma haka, ga mahaifiyarsa da ƙannensa mata uku a can.

Mako tara muka yi a haka. Ina zuwa lacca, ina rubutu, amma ban san abin da nake rubutawa ba. Muka daina duba dala da safe, muka koma duba sunayen ƙauyuka a labarai. In an ce an kai hari "wani ƙauye a Batsari" ba a faɗi suna ba, ranar ba na iya cin abinci. Farfesa Joshi ta duba jadawalina ta ga layuka babu komai, ta ce akwai hanyoyin cike giɓi a ƙididdiga, za ta nuna mani. Na ce ta ƙara mani lokaci. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Iyalinka suna can?" Na ce e. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Wata Talata da la'asar ina ɗakin karatu na sashenmu, wayata ta yi motsi. Baƙuwar lamba, saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Na fita na zauna a kan matakala na kunna.

"Salamu alaikum. Mannir, Kawunka ne Sale. Ina Katsina, na shigo motar safe, na ari wayar wani bawan Allah a tasha. Innarka lafiya lau, tana gaishe ka. Kwalayenka na nan hannuna, ban fasa rubutawa ba. To ka ɗauko biro."

Na yi hamdala, na zaro biro, na buɗe bayan littafi. Ya fara karantowa, mako na ɗaya, mako na biyu, gero kaza, dawa kaza, ga dalili. Muryarsa ta dushe, amma na ɗauka gajiyar mota ce. Mako na uku ya ce gero ya yi tsalle, don manoma da yawa ba su samu yin maimai ba. Ina jin 'yan kamasho na kiran fasinja a bayansa.

"Mako na huɗu ba ni da farashi. Ban je kasuwa ba." Ya ja numfashi. "An ce kada in faɗa maka sai ka gama jarrabawa. To amma kai ka ce in riƙa faɗin dalili, ni kuma ban iya yi maka ƙarya. Ranar muka rufe Haruna. A gona suka same shi, shi da mutum biyu. Bai wahala ba, Mannir, waɗanda suka gani sun ce bai wahala ba. Ni na yi mashi wanka. Allah ya jiƙanshi. Ka yi haƙuri, ka yi haƙuri, ɗana."

Sannan ya gyara murya ya ce, "Mako na biyar," ya ci gaba da karantowa har na tara. A ƙarshe ya ce kowa ya tashi daga ƙauyenmu, Inna da matar Yaya da 'ya'yansa huɗu suna Batsari a wani ɗaki da ya samar masu.

Ban san tsawon zaman da na yi a matakalar ba. Ɗalibai na hawa suna sauka suna kauce mani. Abin da na fi tunawa shi ne biron na hannuna, kuma na rubuta farashin mako na biyar da na shida kafin hannun ya tsaya. Yayana ya yi sati biyar a ƙasa, ni ina nan ina jin haushin lissafi.

Ishaya ne ya zo ya ɗaga ni. Da muka isa gida ya zaunar da ni, ya saurari saƙon da kansa, ya rufe fuska da hannu biyu. Shi har lokacin bai ji daga nasa gidan ba. Duk da haka washegari shi ya zagaya ya sanar da 'yan ƙasarmu da ke garin, mu tara ne duka, ya sayo dabino, ya je ya sami Dadi ya roƙe ta a bar baƙi su shigo sau ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a saman soro, wani ɗalibin likitanci ɗan Zariya ya ja addu'a. Ishaya na gefe a zaune, kansa a sunkuye, yana cewa amin tare da mu.

Muna cikin haka Dadi ta hawo. Ba ta taɓa hawa soron ba saboda gwiwoyinta. Ta rufe kanta da gefen zane, tana riƙe da faranti, a ciki gurasar gero ce mai kauri, ta shafa man shanu, ga mazarƙwaila a gefe. Ta ajiye a gabana, ta dafa kaina, ta yi magana mai tsawo da yarensu. Kalma ɗaya na gane, wadda suke kiran ɗan'uwa da ita. Daga baya jikarta ta gaya mani cewa ta yi ita ma ta rasa yayanta tana aure a nesa, ba ta ga gawarsa ba. Na gutsuri gurasar. Ɗanɗanon gero ne, na gona, irin wanda Yaya ke ɗaurewa dami-dami.

Na yanke shawarar komawa gida. Na gaya wa Ishaya, ya ce ba zai hana ni ba, amma in bari in ji muryar Inna tukuna. Bayan kwana shida Kawu ya kawo ta Katsina don kawai ta yi magana da ni. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, ta amsa da murya a tsaye. Na ce ina nan tafe.

Ta ce, "Ka zo ka yi mi?"

Na ce in zauna da ku.

"Ɗaki ɗaya ne, mu shida. In ka zo mu zama bakwai. Wata nawa ya rage maka?"

"Biyar, Inna."

"To ka zauna ka ƙare. Ranar da za shi gonar nan, da safe, sai da ya ce in layi ya dawo a tambaye ka ko sanyin can ya fara, a aika maka da kuɗin rigar sanyi. Kada ka dawo mani hannu rabbana, Mannir. Ban iya ɗaukar wannan kuma."

Na zauna. Ishaya ya samu labarin nasa suna lafiya, sun koma cikin garin Safana. Na koma wurin Farfesa Joshi da kwafin lambobin Kawu, mako takwas cikin tara. Ta nuna layin da babu komai, ta ce wannan ɗaya ne kawai, a ɗauki na gabansa da na bayansa a raba biyu. Na ce ina roƙon a bar shi haka. Ta tambayi dalili, na gaya mata. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Bar shi. Ka rubuta a ƙasan shafin cewa mai kawo bayanin yana wurin jana'iza. In masu jarrabawa sun tambaya, ni zan amsa." Ranar kare kundin ɗaya daga cikinsu ya tsaya a shafin, ya karanta ƙasan, ya ɗago ya dube ni, ya juya shafi.

Ishaya ya raka ni har tashar jirgin ƙasa, ya ba ni saƙon magani in kai wa mahaifiyarsa. Dadi ta tsaya a ƙofa, sai da muka yi nisa na waiwaya na ga tana nan.

Na iso Batsari ranar wata Asabar da hantsi. Ɗakin yana bayan wani injin niƙa. Inna ta rame, ta zama 'yar ƙarama. Ta karɓi takardar shaidar, ta juya ta, ta shafa tambarin da yatsa, ta miƙa wa matar Yaya, ita ma ta riƙe ta ɗan lokaci ta sa a cikin kwalla inda suke ajiye tufafin sallah. Na ci abinci, na yi alwala, na ce wa Kawu Sale ya samo mana babur, ina son in je kabarin.

Ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

Ya ce, "Taso mu je."

Da ƙafa muka tafi. Muka wuce makarantar firamare, muka wuce gidajen ƙarshe, har inda hanyar ƙauyenmu ta rabu da titi. Ciyawa ta cinye ta, sai ɗan sawu a tsakiya. Kawu ya tsaya.

"Iyakarmu nan. Tun kaka babu wanda ya wuce waccan kukar ya dawo." Ya ɗaga hannu ya nuna yamma. "Ka ga dutsen can mai baki biyu? To bayanshi kaɗan, gabas da rijiya. Kusa da Babanku muka sa shi."

Na tsaya ina kallon dutsen. Na ƙetare teku na dawo, ga tafiyar da ba ta fi awa ɗaya a babur ba ta gagare ni. Kawu ya cire takalmansa ya taka su, ya fuskanci wajen, ya ɗaga hannuwa. Ni ma na cire nawa na tsaya kusa da shi, muka yi wa Yaya Haruna addu'a daga bakin titi.